Hujjar Rufin Ajin Gayam

Zuwa ga Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Asabe da yara, kuma ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Mu ma nan Gayam sai godiya.

Bayan haka, jami'in ilimi ya zo don duba ko za a ba makarantarmu kuɗin rufin ajin da iska ta yaye. Mai gari ya ce ni zan yi magana, tun da na daɗe ina bitar tambayoyin ƙarfafa hujja a ƙasidun da nake samu ta gidan waya. Ɗaya daga cikinsu ta ce mutum ya fara faɗin raunin hujjarsa, sannan ya rushe shi. Sai na fara da cewa yaranmu sukan bar aji lokacin girbi. Jami'in ya rubuta wannan, ya duba agogo, ya tashi. Sauran dalilaina huɗu suna aljihuna har yau.

Ba a ba mu kuɗin ba, an mayar da ajin zuwa Birnin Gwari. 'Yata Ladi da ke ajin ba za ta iya ratsa dajin da ke tsakani kullum ba, don haka ta ajiye karatu. Ni kuwa ina zuwa aiki ina dawowa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da Kawu Bala.

Ƙaninka,
Audu