Rijiyar da Baba Ya Haƙa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Ranar Talata mun koma asibiti da Baba. Likita ya ce sukarinsa bai sauka ba, gyambon ƙafar kuma ya ƙi rufewa. Idan aka ci gaba a haka, sai dai a yanke. Ke da kike aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ki gaya min abin yi. Na ɓoye gwangwanin sukari. Jiya ya kurɓi shayi ya ce, “Auta, wannan shayi ne ko hukunci?” In ba asibiti ba, wata huɗu ban wuce bakin layi ba.

Ƙanwarki, Auta.

Auta,

Wa alaikumus salam. Ba yau na san ki da Baba ba, ya marairaice ki zuba masa cokali uku. Shekara nawa yana shan shayi kamar zuma? Insulin shi ne mai ƙwanƙwasa wa sukari ƙofa ya shiga cikin nama. Sukari ya yi yawa, jikin Baba ya gaji, ya yi kunnen uwar shegu, sai sukarin ya tsaya a jini. Tausayinki ne zai ci ƙafarsa. Ki gaishe shi.

Yayarki.

Yaya,

Barka da war haka. Na karanta na yi kuka. Faɗa daga nesa ai ba wuya. Zo ki wanke gyambon sau ɗaya! Wallahi ko ƙwayar sukari ban ba shi ba. Ruwan rijiyarmu ma, duk da haskensa, sai na tafasa shi ya ƙone rabi kafin ya sha. Ni da ba na shan zaƙi, an gwada ni an ce nawa ma ya fara hawa. Tafin hannuna ya yi wasu ƙuraje masu tauri irin na Baba. Matar tela maƙwabcinmu ma haka, da mai gyaran keke. Duk mu ne masu satar sukarin?

Ki huta lafiya. Auta.

Auta ƙanwata,

Sallama irin ta mai neman gafara. Na gode da kwalbar ruwan rijiyar da na roƙa kika aiko. Na gwada sau biyu. Akwai arsenik a ciki, guba ce da ke fitowa daga wasu duwatsun ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Idan an daɗe ana sha, tana iya hana jiki jin kiran insulin, ta ƙarasa ɓarnar da sukari ya fara. Kuma Auta, tafasawa ba ta cire ta. Ruwan ne ke tafiya, gubar ta ƙara kauri. Ba laifinki ba ne, babu wanda ya gaya miki.

Dole a rufe rijiyar. Na san Baba da hannunsa ya haƙa ta, ita ce ta ƙarshe kafin ya ajiye diga, kuma gida goma sha biyu ke ɗiba kyauta yana cewa guzurinsa ne na lahira. Na ɗauki waya sau uku in gaya masa, na kasa. Ke ce a kusa. Ki yafe min.

Yayarki mai jin kunyarki.

Yaya,

Salamu alaikum. Kwana biyu ina zagaye da takardarki a aljihu, sannan na karanta masa. Ya tambaye ni, “Har da yaran tela?” Na ce har da su.

Da safe ya ja ƙafa ya fita tsakar gida, ya yanke igiyar guga, ya zauna a kan murfin. Mata sun zo da bokitai, kowacce ya ce mata, “Ni na haƙa, ni na rufe. Ku yafe ni.”

Famfon layinmu kin san rabonsa da ruwa tun bara. Yanzu Baba ya kira ni ya ce ƙishi yake ji. Ina tsaye da kofi a hannu, Yaya. Me zan zuba masa?

Auta.