Kunun Inna

Daren Laraba, Mabera

Yau Inna, uwar maigidana, ta raka ni awo, ba da son raina ba. Tun da ƙafafuna suka kumbura take cewa alamar ɗa namiji ce. Kullum da safe sai ta aiko mini da kunun kanwa daga Ƙofar Taramniya, wai zai sauke kumburin. Ni kuwa ina sha, don kunya ba ta bari in ce mata a'a.

Jinina ya sake hawa. Da aka ɗauki hoton ciki, likita ta ce girman yaron bai kai na wata bakwai ba. Inna ta ce, "To mi ne ne? Ƙarami ai ya fi sauƙin haihuwa." Na ji kamar in nutse.

Likita ba ta yi fushi ba. Ta ce hawan jini yana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, abincin yaro ya ragu, alhali yanzu ne ƙodarsa da huhunsa suke ƙarasa ginuwa. Ta ƙara mini magani, ta hana ni kanwa. Sannan ta ƙara muryar na'urar, muka ji bugun zuciyarsa, da sauri da sauri.

Daga asibiti Inna ta wuce gidanta.

Bayan magariba sai ga kwanonta. Kunun gero ne zalla, babu kanwa, babu komai. Ban taɓa shan kunu marar daɗi irinsa ba. Na shanye shi tas.