Layukan Ashafa

Sakkwato, 6 ga Maris, 1995

Zuwa ga aminina Ashafa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Ashatu da yara. Ƙanwarka Kulu ta Tudun Wada ta ba ni adireshinka na Kaduna.

An kawo sababbin kwamfutoci ofis, an ce in kwashe shirinmu na fitar da sakamakon jarrabawa in mayar can. Ina buɗe shi sai tsohon ɗakin kwamfutar nan mai sanyi ya dawo mini, inda muke tuɓe takalma a ƙofa, muna zuba shayi a murfin fulas. Ka tuna gardamarmu kan yadda ake tura farkon layi ciki in ana rubuta shirin kwamfuta? Kai tsohon mai buga tafireta, maɓallin tab sau ɗaya ya ishe ka. Ni sai na buga sarari huɗu, kana cewa kamar kaza na tsattsagar gero. Mun yi shekara biyu ba wanda ya sauka.

Ga abin da ya sa na rubuto wagga takarda. Lokacin da ka tafi jinyar Babanka a 1984, na bi aikinka na mayar da kowane tab sarari. Na ce wa kaina gyara ne. Da darakta ya zo zaɓen wanda za a tura kwas Ingila, ya ga shirin duka da salon hannuna, ya ce ashe ni na rubuta. Na yi shiru. Na tafi, kai ka bar aikin.

Jiya na tarar da layi arba'in da suka tsere mini, masu jera sunayen ɗalibai, da tab ɗinka yadda ka bar su. Na kasa taɓa su. Na faɗa wa sabon darakta gaskiya, ya sa an rubuta sunanka a kan shirin. Na san ya zo a makare. Don Allah ka gafarta mini.

Naka,
Jinaidu

Sakkwato, 2 ga Afrilu, 1995

Ashafa ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso da rubutun hannun Ashatu, na karanta ta sau uku. Ashe tun ranar da ka dawo ka gane, ka jira in yi magana har wata shida. Ka ce ka yafe tun tuni, abin da ya fi ƙona maka rai shi ne rashin abokin gardama. Wannan ya fi zagi yi mini zafi.

Ban san ciwon suga ya taɓa maka ido ba, har ba ka ganin rubutu. Na ɗauki hutu, Jumma'a ina tafe. Zan zo da shirin duka a takarda in karanta maka layi-layi, ka faɗa mini inda na ɓata.

Matata Ladi tana gaishe da Ashatu. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka har kullum,
Jinaidu