Na Jera wa Mama Kwalaben da Babu Komai a Ciki

Anti Janet, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadin ƙarshen watan nan, domin ranar ce Baffana ya kira mijina zama a Wusasa, kuma ni ce na jawo masa. Na gaji, Anti. Irin gajiyar nan da ko na kwanta na tashi tana nan.

Ni malamar firamare ce a Samaru, shekarata huɗu da aure, 'yarmu ɗaya. Mijina, bari in kira shi Japheth, gyaran injin ban ruwa yake yi wa manoma. Bara kuɗin haya ya kore mu daga Hanwa muka dawo Bomo, ɗaki ɗaya, a gidan da rabin mutanensa ɗalibai ne. Gado ya cinye rabin ɗakin, ga kwanuka, ga buhunan masara biyu, ga littattafan 'yan ajina da nake kwasowa gida in duba. Madubin da aka yi mini na aure da ƙyar ya samu lungu. A kansa kuwa kwalabe sun haura ashirin: man fuska daban, na hannu daban, na kaushi daban, na gashi har kala uku. Yawancinsu ban taɓa ganin ƙarshensu ba, suna nan har su canza wari in zubar. Rannan yarinyar ta ja ƙyallen da ke kan madubin, kwalbar turare ta fashe dab da ƙafarta. Ranar na ce ya isa haka, na kwashe kwalaben duka na zubar.

Akwai Nkechinyere, mai shagon kayan shafa a kasuwar Sabon Gari, tun ina budurwa wurinta nake saye. Na kai mata kukana, ina jira ta tura mini wani sabon mai, sai ta yi dariya ta ce ita da take sayarwa ma man kaɗanya take shafawa. Ta koya mini in narka shi da ɗan man kwakwa. Shi ne na jiki, shi ne na gashi, shi ne na leɓe da kaushi, har yarinyar nake shafa wa. Sabulun salo kuma wanka, wanke fuska, wanke kai. Jan baki guda ɗaya, in sa a baki, ranar Lahadi in ɗan dangwala a kumatu. Kwalli ya yi ido ya yi gira. Abu huɗu ke nan, duk a cikin tsohon gwangwanin madara. Minti biyar na shirya na fita tarar mota, kuma abin da nake kashewa a wata da, yanzu yakan kai ni wata huɗu. Japheth ya sha cewa in rubuta masa abin da nake so ya sayo, ni ce nake cewa ya bari.

To, sai Mama ta aiko za ta zo wuni, zuwanta na farko tun da muka tashi. Na san halin Mama. Idan ta shiga ɗakin mace madubi take fara kallo, domin a wurinta nan ake gane mijin da ke kula da matarsa. Ta taɓa yin mako guda tana yabon mijin yayata, ba don komai ba sai yawan kwalabe. Tsoro ya kama ni. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na bi ɗakunan ɗalibai 'yan matan gidanmu na karɓi robobi da kwalaben da suka ƙare, na wanke, na goge, na jera guda goma sha biyar.

Mama ta shigo, ta kalla, ta yi ta sa wa Japheth albarka. Muka ci abinci. Da ta wanke hannu sai ta miƙe ta ɗauki ɗaya za ta shafa. Ta matsa, iska ta fito. Ta ɗauki ta biyu, haka. Anti, ɗaya bayan ɗaya ta bi su tana girgizawa a kunnenta har ta goma sha biyar. Ba ta yi faɗa ba. Bakin gado ta zauna hawaye na zuba. Gwangwanina yana nan ƙarƙashin gadon, daidai ƙafarta, amma kunya ta hana ni jawo shi. Bayan ta tafi na ɗaga filo na tarar ta bar mini dubu biyu.

Ta je ta gaya wa Baffa cewa ina cikin wahala ina rufa wa miji asiri, ko man shafawa ba ni da shi. Baffa ya kira Japheth a waya yana tsakiyar aiki a gonar mutane. Da ya dawo ya daɗe yana kallon kwalaben, ya tambaye ni na waye, na faɗa masa. Da ma ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya ce zai je zaman kuma ba zai kare kansa ba, don in ya ce ni ce na hana shi saye ba wanda zai yarda. Yanzu kuma wai zai sayar da masararmu ya cika madubin kafin ranar. Masarar da za ta kai mu kaka!

Ba na son komawa kwalabe ashirin, ba na son a ci mutuncin mijina a gaban dangina, kuma na kasa ɗaga waya in kira Mama. Yaya zan yi?

'Yarki da ta gaji, daga Bomo

Amsar Anti Janet

'Yata, sannu. Na ji gajiyarki tun daga layin farko. Bari in fara da abin da zai sauke miki rabin nauyin: gwangwanin nan naki ba abin kunya ba ne. Mace mai aji cike da yara, mai goyo, mai ɗaki ɗaya, ta gano abu huɗu da suke mata aikin ashirin, wannan hankali ne. Inda kika yi kuskure shi ne kin yi abin kirki sannan kika ɓoye shi kamar na sata.

Kada kuma ki ga laifin Mama. A zamaninsu mace ba ta da albashi, abin da ke gaban madubinta daga aljihun miji ya fito, shi ya sa suka saba duba can. Da ta tarar da madubin fayau, da ta tambaye ki, kin yi mata bayani. Kwalba goma sha biyar ba ko ɗigo kuwa, ni ma da 'yata ce sai na yi kuka. Tsoro ne ya kai ta wurin Baffa, ba ƙiyayyar mijinki ba.

Wanda aka fi zalunta shi ne Japheth, don haka da shi za ki fara, yau ɗin nan. Ki ba shi haƙuri ba tare da kawo dalilai ba. Ki ce masa masara ba za ta fita daga ɗakin ba, domin cika madubi da ita wata ƙaryar ce a kan ta farko, kuma wannan karon da abincinku za a yi ta. Sannan ki lura da wani abu: mutumin nan ya sha tambayarki abin da kike so kina cewa ya bari. Tattali ne a wurinki, shi kuma yana iya jin an rufe masa ƙofar kyautatawa. Ki bar masa sayen man kaɗanya da sabulun, ko ki zaɓi turare ɗaya ya riƙa kawo miki.

Kada ki jira zaman ƙarshen wata. Asabar ɗin nan ki shiga mota zuwa Wusasa ke kaɗai, ba ta waya ba. Ki faɗa wa Mama komai, har da ɗaliban da kika bi ɗakunansu. Za ta yi faɗa, ki saurara, faɗan kwana ɗaya ne. Daga nan ku je wurin Baffa tare, da bakinki ki wanke mijinki, ki roƙa a janye zaman. In ma ya nace sai an zauna, ke za ki fara magana.

Game da gwangwanin, abu kaɗan zan ƙara. Ki ware man yarinya a robarta daban, ki riƙa ɗiba da cokali mai tsabta ba da yatsa ba. Jan baki ya tsaya a leɓe da kumatu, kada ya kusanci ido, kwallinki kuma ban da aro. In kin ga man yana fito miki da ƙuraje a fuska, ki rage shi a nan. Kwalaben ɗalibai kuwa a kwashe su a zubar, ki ɗora gwangwanin a kan madubi inda kowa zai gani.

Dubu biyun da Mama ta bari kada ki mayar mata, za ta ji ciwo. Ki sayi man kaɗanya da su wurin Nkechinyere, ki haɗa irin naki, ki cika roba har baki ki tafi da ita. Idan kin gama bayani, ki kama hannun da ya girgiza kwalabe goma sha biyar bai samu komai ba, ki shafa masa da kanki.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya yarinya, ya ba ki hutu.

Anti Janet