Tatsuniya da Rana

Liverpool, Ingila
9 ga Fabrairu, 1975

Zuwa ga Iya, Kagarawal, Gombe.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kowa lafiya, ƙafarki kuma ta yi sauƙi. Babayo, kai da ke karanta mata wannan takarda, ban da dariya.

Ni lafiya lau, karatun nas yana tafiya, sai dai na fi wata ban yi Hausa da kowa ba.

A asibitinmu akwai wata tsohuwar Baturiya da ba ta gani. Kullum da hantsi sai ta sa in karanta mata littafin jikarta, labarin yarinyar da tsuntsu ya kai ƙasar aljanu. Da farko kunya na ji, manya da mu muna fama da littafin yara. Jiya da yarinyar ta komo gida uwarta ta gane ta, tsohuwa na kuka, ni ma ina kuka.

Iya, kin sha hana mu tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata yake yi. Maganar ta tsaya mini a rai. Ki sa ni a addu'a.

Yarinyar nan da na bar miki tana rarrafe, don Allah ki riƙa nuna mata hotona. Shekara biyu ke nan, Iya. In na dawo za ta gane ni kuwa?

'Yarki,
Saudatu