Naman Layyar Riskuwa

Argungu

Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya unguwarku Badariya, ya ciwon ƙafa?

Ba zan yi kwana-kwana ba: ɗiyata Tabita ba za ta koma wurinki riƙo ba. Jiya maƙwabciyata Hamida ta aiko mana da soyayyen kifi. Ɗiyar nan ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ɗan aiken na juya baya ta juye shi a kwata. Na ce, "Ke, mi kika yi?" Ta ce, "Haka Inna Afiniki ka yi da naman layyar maƙwabciyarta Riskuwa. Ta ce hannunsu ƙazanta na."

Yaya, durƙuson ya fi zubarwar ba ni ƙyama. Yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, har ta iya murmushin ƙarya.

Ƙanwarki, Keziya

Birnin Kebbi

Zuwa ga Keziya,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Na ga takardarki, na kuma ga rashin kunyar da ke ciki.

Ni da na goye ki, ni da nake shugabar zumuntar mata, ke ce za ki koya mini bangaskiya? Lamirina bai yarda da naman hadayarsu ba. Ban taɓa zagin Riskuwa ba, ban taɓa mayar mata da kwano wayam ba, kullum da sabulu a ciki. Kin san ban haifa ba, Tabita ce hasken ɗakina. Ki maido mini ita kafin a koma makaranta.

Ubangiji ya ba ki hankali.

Yayarki, Afiniki

Argungu

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa, amma ban sauka ba.

Da lamiri ne, da kin ce, "Riskuwa, na gode, ba na cin na layya," ta kai wa mai so. To, kifin Hamida hadayar wa? Furar da Tabita ta ce kina zubarwa fa? Abin da kike ƙyama matar ce, Yaya, kin dai lulluɓe shi da zanen zumunta. Kina rungumarta a ƙofar gida, ki shiga ki wanke hannu, ran Lahadi ki miƙa hannun nan ki karɓi Jibin Ubangiji. Tir!

Ki je ki gaya mata gaskiya, sannan mu yi zancen Tabita.

Ina ƙaunarki, shi ya sa nake jin zafi.

Keziya

Birnin Kebbi

Keziya,

Gaisuwa.

Na je wurin Riskuwa. Ban kai ƙarshen magana ba ta ce, "Ai na sani tun dauri, kwatarku ta bakin zaurenmu ka wucewa. Cewa na yi a raina, wata shekara za ki ci." Ta ajiye mini tuwon shinkafa, ta zauna tana kallona. Na ci. Amma kowace loma sai da na yi kokawa da maƙogwarona, alhali matar nan ce ta kwana biyu a kaina a asibiti.

Ƙyamar tana nan, ba ta tafi ba. Ki yi mini addu'a. Kada ki turo Tabita tukuna.

Afiniki