Taron Filin Ɗorawa

Angwan Iya, Keffi.
6 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Yayana Malachi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Gembu, yaya Anti Lea da yara? Mu nan lafiya, Mama ma da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ta saba. Na gwada lambarka har na gaji, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Ka tuna Filin Ɗorawa, inda kuke buga ƙwallo? Hukuma ta ce za ta mai da shi wurin shaƙatawa na gari, amma sai mutanen unguwanni sun zauna sun faɗi yadda suke so ya kasance nan da shekara ashirin. An kafa kwamiti. Malam Zulkifilu na Jigwada, tsohon malamin gona, shi ne shugaba, ni kuma aka ɗora mini sakatariya, wai don ina koyarwa, hannuna ya saba da biro.

Da ka ga zaman da ka yi dariya. Mata masu suyar awara suna son rumfa da famfo. Samari sun ce kada a taɓa musu filin ƙwallo. Tsofaffi benci kawai suke nema a inuwa. Makanikan da suka mamaye gefen rafi sun ce ba inda za su, har Malam ya yi ta bin su gareji gareji ya shawo kansu. Kowa sai ya bari ya gama magana, ko da shirme yake faɗa.

Amma Yaya, ba dariya ta sa na rubuto ba. Akwai wani ɗan kwangila, Oga Nelson, da ke cewa tun tuni aka ba shi filin ya gina shaguna. Ranar Asabar muna tsakiyar zama, samari suka shigo a kan babura, fuska a rufe. Suka kife bencunan zama, suka yaga taswirar da muka zana. Baba Godwin makanike ya tashi zai yi magana, ɗaya ya buga masa katako a baki, haƙoransa suka zube a ƙasa. Tsiron maɗaci da ɗorawa da Malam ya rena a leda don dashe, suka zuba musu fetur suka cinna wuta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙaninmu Siman. Sabon babur ɗin da yake acaba da shi, Nelson ne ya ba shi. Na tambaye shi, ya ce in tsaya a kan alli da allo, in fita harkarsa. Kai yake jin tsoro. Don Allah ka nemo inda akwai sabis ka kira shi.

Malam ya ce babban taron da za a tara duk unguwanni na nan yadda aka sa shi. A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Paulina.

Angwan Iya, Keffi.
21 ga Yuli, 2025.

Yaya Malachi,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, kaina a ɗaure yake da bandeji, ido ɗaya nake gani da shi.

An kashe Malam Zulkifilu.

Shekaranjiya aka yi babban taron. Mutane sun cika filin, har daga Garaku wasu suka zo. An buɗe da addu'a, liman ya yi, fasto ya yi. Malam ya tashi yana bayanin abin da aka amince: rumfunan mata ta gabas, filin ƙwallo a inda yake, bishiyoyi a kewaye, kowace unguwa ta riƙa kula da ɓangarenta shekara bayan shekara. Yana tambaya ko akwai mai gyara, sai muka ji ƙarar babura ta bayan rafi.

Wannan karon da adduna suka zo. 'Yan sandan da aka ce za a turo ba su iso ba tukuna. Mutane suka watse, aka tattake tsofaffi, wata mata ta faɗa kan kaskon mai, ta ƙone tun daga kafaɗa. Malam bai gudu ba. Ya ɗaga hannu biyu yana cewa su zo su zauna, su ma 'yan gari ne, a ji ta bakinsu. Na farko ya buge shi da gora a gwiwa, ya durƙusa. Na biyu ya sare shi a wuya.

Ina kusa da shi, jininsa ya fantsamo mini a riga. Na kama shi ina ƙoƙarin toshe wurin da ɗankwalina, wani ya maka mini ƙarfe a goshi. 'Yarsa Munira ta zo ta tallafe kansa, muka sa shi a keke napep, bai kai asibiti ba.

Yaya, wanda ya buge shi da gorar, ƙyallen fuskarsa ya zame lokacin da ya ɗaga hannu. Siman ne. Ya gan ni, na gan shi. Bai sari Malam ba, amma shi ya kai shi ƙasa.

Kafin la'asar gari ya rikice. Aka fara yaɗa wa a waya cewa Kirista sun kashe malami, wasu kuma suna cewa Musulmi ne ke shirin ƙwace filin. Duk ƙarya, cikin maharan akwai Musulmi akwai Kirista, kuma aljihu ɗaya ya turo su. Samari suka ƙona ofishin Nelson, shi kuwa tuni ya tsere Abuja. Suka tare wani ɗan acaba da bai san hawa ba bai san sauka ba, suka karya masa hannu biyu. Da suka nufo layinmu da duwatsu, Munira ce ta fito, jinin ubanta bai bushe a hijabinta ba, ta tsaya a bakin layi ta ce musu malamar da ke gidan nan ita ta riƙe wuyan Baba har ya cika, duk mai son shiga sai ya bi ta kanta. Suka juya.

Ta ceci gidanmu, ba ta san ɗan gidan ne ya durƙusar da ubanta ba. Jiya na je ta'aziyya, ta rungume ni tana yi mini godiya, na kasa haɗa ido da ita. Ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Siman bai dawo gida ba. Ka gaya mini abin da zan yi.

Taka cikin damuwa,
Paulina.

Angwan Iya, Keffi.
17 ga Agusta, 2025.

Yayana,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da iyalinka. Saƙonka ya iso ta hannun direba. Na karanta inda ka ce in jira ka samu hutu mu zauna a matsayin iyali. Ban jira ba, gara ka ji daga bakina.

Siman ya dawo wata ranar Lahadi, Mama tana coci, ni ina gida saboda ciwon kai. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya ce an gaya musu tsoratarwa kawai za su yi, bai san akwai mai niyyar sara ba. Na ce to mu je ya faɗa wa 'yan sanda haka, ya faɗi wanda ya turo su. Ya ce in ya buɗe baki yaran Nelson za su kashe shi. Na ce ni zan je. Sai ya shaƙe ni, ya haɗa kaina da bango, ɗinkin goshina ya ɓalle. Yaron da na goya a bayana, Yaya. Da ya ga jini ya sake ni, ya zauna a ƙasa yana kuka. Na ce masa, "Siman, gobe da safe zan je. In ka riga ni zuwa, ya fi maka." Bai riga ni ba.

Kafin in je ofishin 'yan sanda, gidan Malam na fara biyawa, don ban so Munira ta ji a bakin wani. Da na faɗa mata, na zaci za ta kore ni. Daga baya ta ce, "Malama, na gode da ba ki bar ni ina yi miki godiya a makance ba." Ta shiga ɗaki. Ba ta sake rungumata ba, ban kuma ga laifinta ba.

An kama Siman a Garaku, gidan Kawu. Ya faɗi sunayen sauran, an kama wanda ya yi saran. Nelson har yanzu ana nemansa, ko kuma an ce ana nemansa.

Kwamiti ya sake zama jiya, da 'yan sanda a bakin hanya. Mutane ba su kai rabin na da ba. Baba Godwin ya zo da giɓi a bakinsa, shi ya kawo shawarar Munira ta hau kujerar ubanta, aka amince. Na ce zan ajiye sakatariya saboda abin da ɗan'uwana ya yi. Munira ta ce in zauna in ɗauki biro, akwai sauran unguwa biyu da ba a ji ra'ayinsu ba. Mun yi aiki har yamma, ba ta kira sunana ba ko sau ɗaya.

Mama ta kwashe kayanta ta koma wurin Kawu. Ta ce ta haifi uku, ɗaya ya yi nisa, ɗaya yana kurkuku, ɗayar kuma ba ta san ta ba. Na kai wa Siman tuwo da miyar karkashi ranar Alhamis. Da aka fito da shi ya ga ni ce, ya juya baya ya koma ciki. Na bar kwanon wurin gandiroba. Zan sake komawa wannan makon.

Ba na neman ka ce na yi daidai, kada kuma ka rubuto ka ce na yi kuskure, ba zan iya ɗauka ba yanzu. Ka zo gida kawai. Mama za ta buɗe maka ƙofa, Siman zai fito in an ce kai ne. Ni kaɗai ce a gidan nan, ko faɗuwar murfin tukunya na ji sai gabana ya faɗi.

Ka gai da Anti Lea, ka shafa mini kan yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka har kullum,
Paulina.